Jar Tutar Melba

Mayu

Zuwa ga maigidana Rodel,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Yaya aiki, yaya teku da zaman jirgi? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, mahaifiyarka ma ƙalau take, tana gaishe ka.

Tun tafiyarka abubuwa sun canza a garin nan. Majalisar gari ta yi sabuwar doka, wai daga yanzu hukuma na da ikon gwada ruwan duk gaɓar da mutane ke wanka, kuma dole a sanar da jama'a abin da aka gani. Wata yarinya Jovelyn daga ofishin lafiya ita ke aikin. Da sassafe take zuwa, ta shiga ruwa har ƙugu, ta cika kwalabe, ta jera su cikin ƙanƙara, ta wuce birni. In ruwa ya yi kyau a kafa koriyar tuta, in ya ɓaci a kafa ja, a liƙa takarda a allon bakin kasuwa.

To, ja aka kafa mana, Rodel, daidai gaban rumfarmu. Wai kwatar kasuwa ce ke zubowa ta ɓangarenmu. Ka san wa ya samu koriya? Melba! Ƙanwata da na goya a bayana, wadda ni na koya mata gasa kifi. Dutse ɗaya ne fa ya raba gaɓarmu da tata, teku kuma ɗaya ce. Yanzu baƙi suna sauka daga kwalekwale, su ɗaga kai su ga tutarmu, su ja 'ya'yansu su zagaya dutsen. Ina zaune ina korar ƙuda daga kan kifi, ina jiyo dariyarta daga can. Jiya har aiko mini ta yi in ara mata kujeru, wai nata sun kasa. Na ara mata, na koma kan kifina.

Ka kula da kanka. Taka har kullum,
Felisa

Yuni

Maigida Rodel,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ji wa'azin da ka yi mini, wai in taya 'yar uwata murna. Kai da ke tsakiyar teku me ka sani? Ba kai kake ganinta ran Lahadi a coci da sabon takalmi ba, mutane suna ta Melba kaza, Melba kaza. Ta sayi firji. Ta sa an rubuta a jikin rumfarta wai ruwa mai tsabta, sai ka ce ita ta wanke tekun da hannunta. Ina kishi, na faɗa, ba zan ɓoye maka ba.

Na je na karanta dokar nan da kaina a allon kasuwa. Ashe akwai wurin da ta ce duk ɗan gari yana da ikon neman a sake gwada kowace gaɓa, kuma dole su zo washegari. Jovelyn baƙuwa ce, da rani ta yi gwajinta. Ba ta san rafin nan na bayan rumfar Melba ba, wanda ke bi ta garken aladun da ke kan tudu. Ni a nan aka haife ni. Tun muna yara Inna take hana mu shiga ruwan wurin bayan an yi ruwan sama, don har warinsa kana ji. Sai na jira a fara ruwa. Ranar da hadari ya haɗu baƙi ƙirin na ɗauki laima na tafi ofis na nemi a sake gwada gaɓar Melba. Ina fitowa aka kece da ruwa.

Kada ka ce mini komai. Ban zuba ko tsinke a ruwanta ba, gaskiya kawai na nema.

Matarka,
Felisa

Yuli

Rodel nawa,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan ta same ka lafiya. Ni dai jikina lafiya, zuciyar ce ba daɗi.

An kafa wa Melba ja. Na zaci zan yi murna, kuma na yi, har zuwa lokacin da na shiga kasuwa na ga mata suna kallona. Ashe dokar ba ta ɓoye komai, har wanda ya nemi gwajin sai an rubuta. Ga sunana nan ɓaro-ɓaro a allo, kusa da mai sayar da mangwaro.

Da yamma sai ga Melba. Na gyara tsayuwa, na tanadi maganganun da zan mayar mata. Sai ta kama hannuna a gaban mutane ta ce, "Yaya, na gode. 'Ya'yan mutane ne ke shiga ruwan nan, ni na manta da rafin sam." Ka ji fa! Ko zagi ɗaya ba ta ba ni ba in samu abin riƙewa. Yanzu duk gari maganar kirkin Melba ake yi.

Tun shekaranjiya maza suke bayan rumfarta suna haƙa rami don a karkatar da rafin. Masunta sun bar komarsu sun zo, limamin coci ya naɗe wando, masu aladun ma sun kawo siminti. Mahaifiyarka, Rodel, uwarka ta cikinka, ita ke dafa musu shinkafa, kuma tukunyata ta ara. Jovelyn ta ce in sun gama za ta dawo da kwalabenta, wataƙila kafin bikin gari tutar ta koma koriya.

Tawa tutar ta riga tata zama ja, har rana ta kodar da ita. Babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni inda kwatar kasuwa ta bi, balle ya kawo shebur. Daga tagar ɗakinmu nake rubuta maka wannan, ina jin su suna waƙa suna haƙa. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, da kana gida, kai ma da kana can cikinsu?

Ina jiran amsarka.
Felisa