Kowa An Kira Ban Da Inno

Iklima! Ke Iklima ɗiyata, ina kika shige ne? Na kira ki sau nawa waya na ta ƙara ba a ɗauka, yayanki Abbas ya ce wai yanzu ƙarfe nawa ne can Maleshiya, kina barci. To assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gajiya, ina karatu, ya ƙoƙari? Allah Shi ƙara maki lafiya da basira, Shi tsare ku a ƙasar mutane, Shi maido mani ku lafiya. Mu nan Ƙofar Durbi kowa lafiya lau. Babanku ƙafar ta yi sauƙi, har masallacin Juma'a ya taka da kanshi. Tarin nan nawa ne dai bai bar ni ba, amma da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nike dannawa.

Magana ce ke cina, kuma ban iya ajiye ta. Kin san bikin ɗiyar Alhaji Sammani na Ƙofar Kaura ranar Asabar, mu aka ba girkin, dinar kuma a ɗakin taro za a yi. To makon jiya muna gyaran shinkafa sai Bashira, yarinyar nan da ke mani soye-soye, ta ce Hajiya da mun gwada girki da gas sau ɗaya kawai mu gani. Na ce ta ji da albasar gabanta. Kwana biyu sai ga yayanki Abbas, ya zauna yana ta yabon miyata kamar yau ya fara ci, can ya ce Umma da an gwada zuba abinci a 'yan robobi sau ɗaya kawai a gani. Shekaranjiya kuma Gwaggonki ta Kambarawa, matar da ko ashana ba ta yarda a ƙyasta kusa da tukunyar gas, ta zo mani da mu gwada sau ɗaya kawai mu gani. Nan na ajiye ludayi. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Baki uku, magana ɗaya, har inda suke jan numfashi iri ɗaya.

Sai na tuna zuwanki na sallar bara, muna zaune tsakar gida na ce ki faɗa mani abin da kike karantawa da Hausa. Kika ce dabarun tafiyar da otal da wuraren biki ne, da yadda ake kawo canji ba tare da ma'aikata sun yi bore ba. Kika ce ba a tunkarar mai taurin kai gaba da gaba, sai a fara jawo waɗanda yake jin maganarsu, a ce gwaji ne ƙarami, har ya zo ya ɗauka shi ya kawo shawarar. Na yi dariya har na ce Allah Shi kyauta ma wanda za ki yi ma haka. Iklima, halan ni ce mai taurin kan?

Jiya na titsiye Bashira a madafi. Ta yi ta sunkuyar da kai, daga baya ta ce ai kina kiransu ne kina tambayoyi saboda aikin makaranta. Wai kin tambaye ta abin da ke ɓata masu lokaci, da wanda ya fi jinkiri cikinsu. Ta ce kin kira Ramla mai fura da kunu, kin kira masu wanke-wanke, har direban da ke kai mana kaya kin kira. Na ce Inno mai tuƙa mana tuwo fa? Kowa an kira ban da Inno.

Nan ne hankalina ya tashi, ba gas ba. Gas ɗin ni ba gaba nike da shi ba. Na san likita ya ce hayaƙi ne ke sa ni tari, na kuma san Abbas ba ya riƙe magana, ya kwashe ya faɗa maki. In tausayina kike ji, Allah Shi yi maki albarka. Masu ɗakin taron ma sun ce ba a hura masu itace a haraba, wannan gaskiya ne, na ji da kunnena. Amma ke kin san aikin Inno wuta ne. Ita ke kafa murhu, ita ke iza itace, ita ke tuƙa tuwo, tun kina goye muke tare da ita. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin wutar gas da rana, tsoronta take. In an kawo gas da robobi da riguna iri ɗaya, ita ina za ta tsaya? Kuma ranar nan da na tambaye ki wanda ya kasa bin canjin ya ake da shi, kin ce akan sallame shi cikin mutunci. Ban manta ba. Ita da jikoki uku a ɗaki, da sauran abincin biki take rufe masu baki, abincin da in an ƙulle a roba ko loma ba ta saura.

Ƙila zargi ne kawai, Allah Shi yafe mani in na ɗauki alhakinki. Ƙila lambarta ce ba ki da ita. To amma me ya hana ki tambaye ni? Kullum muna waya, ki tambayi ƙafar Babanku, ki tambayi tarina, wannan magana ko sau ɗaya. Ni na haife ki, ba sai an zagayo mani ta bayan gida ba. In ma ni ɗin kike son in zauna in huta, ki faɗa da bakinki, ba ki aiko mani Gwaggonki ba. Kuma in a cikin takardar makarantar kin sa ni, ina son in ji me kika kira ni.

Inno ta fara jin ƙishin-ƙishin. Da safe ta aiko wai tana nan zuwa bayan la'asar, tana son ta ji ko da ita ranar Asabar. Na so in ji ta bakinki kafin nan, shi ya sa nike ta kira.

Ki gaishe mani da mijinki Malam Ashraf, ki ce ina mashi ban gajiya. Ki shafa mani kan maigidana Yari, ki ce amaryarshi ta Katsina na fushi bai aiko da cefane ba. Babanku na gaishe ku, da Gwaggo, da

Tsaya, ana buga ƙofa. Ita ce, ga sallamarta nan. To ba ki ɗauka ba, ni zan ba ta amsa. Zan ce mata da ita, a gida za mu tuƙa a kai masu can. In kin tashi ki kira ni, ni, ba Abbas ba.

Ummanki, bari in buɗe mata