Rasuwar Dokta Hammawa da Kwabban da Aka Wanke da Toka

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manazarta Tsofaffin Kuɗaɗe ta Bauchi ta sami labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Alhaji Dokta Hammawa Abdulhamid Zungur, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Yelwa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya yi karatu a Tashkent zamanin Tarayyar Sobiyat, inda abokansa suka dawo da rediyo da rigunan sanyi, shi kuwa ya dawo da gwangwani cike da kwabban jan ƙarfe ɗari huɗu da sha biyu, na lokacin da Mongol suka mulki Bukhara da Samarkand. Waɗannan kwabbai ba a buga musu sunan sarki ba, kuma a yawancinsu sunan gari da shekara sun goge. Shekara talatin da takwas ya yi yana bin su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara gani da sikelin maƙeran zinariya, yana tsinto ragowar haruffan Larabci, yana karanta tambarin gidajen sarauta kamar yadda mahaifinsa makiyayi yake gane saniyar kowa da shaidar jikinta. In ya ga tsaga iri ɗaya a fuskar kwabo uku, ya san guduma ɗaya ce ta buga su a maƙera ɗaya. Kowane kwabo ya ba shi ambulan ɗinsa, ya rubuta garinsa da zamaninsa da hujja, inda kuwa hujjar ba ta cika ba sai ya rubuta cewa bai sani ba tukuna.

Ƙungiya ba ta manta da masu girman da suka laƙaba masa Dokta Kwabo ba, suna tare shi a taro suna tambaya ko kuɗin nasa za su sayi goro ɗaya a kasuwar Wunti. Su ne dai suka cika sahun gaba da manyan riguna ranar jana'iza. Wannan mun haɗiye. Abin da ba za mu haɗiye ba shi ne na shugabannin wata cibiyar al'adu, wadda ba za mu ɓata takarda da sunanta ba. Ranar sadakar uku suka je wa mai ɗakin Dokta, Hajiya Habibatu, tana cikin takaba ba ta da bakin musu, suka karɓi akwatin da yake ajiye kwabban wai za su karrama marigayin. Suka zazzage kwabban a tire guda, suka sa aka dirje su da lemun tsami da toka domin su yi ƙyalli a idon manyan baƙi, ambulan ɗin kuma aka haɗa da shara aka cinna musu wuta. Haruffan da suka jure shekara ɗari bakwai suka bi ruwan wanki. Sannan suka kafa ɗan allo da ya ce kuɗin Larabawan da ne, suka jeru suka ɗauki hoto, shugabansu har da shaida wa 'yan jarida cewa sun tsabtace gadon marigayi. Tir! Wallahi mun raina wannan aiki, mun raina masu yin sa, kuma kada su wahalar da kansu da aiko mana takardar gayyata.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Dokta, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya Habibatu da 'yarsu Malama Lailatu da ɗaukacin dangi na Zungur haƙurin wannan rashi da na abin da ya biyo bayansa.

Muna kuma sanar da jama'a cewa Hajiya ta sami kwabo ɗaya a aljihun rigar da Dokta ya rasu da ita, cikin ambulan ɗinsa, da dattinsa, da rubutun hannunsa cewa na Bukhara ne. Yana hannun Malama Lailatu, kuma ba za a ba kowa aro ba. Cikin ɗari huɗu da sha biyu, shi kaɗai ya rage da aka san garinsu.

Sa hannu:
Malam Nasiruddeen Baffa Wunti
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Manazarta Tsofaffin Kuɗaɗe ta Bauchi