Kada a Ce Mata Na Ƙi

Daga Legas zuwa Hamdara, ga Yaya Alkasum.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Zainabu da yara, da fatan kuna lafiya. Ya haƙurin Inna? Allah Ya ji ƙanta, Ya sa ta huta. Ya Balarabata, tana cin abinci kuwa?

Ni lafiya lau nake. Wanke-wanke ne dai ya cinye mini hannu, amma ba komai. Na ba Lawan direba buhun garin rogo, a karɓa a tashar Damagaram.

Shi Lawan ne ya gaya mini wai a gida ana cewa Inna ta aiko in zo, na ƙi. Yaya, kalmar nan ta tsaya mini a rai. A bakinmu wanda ya ƙi zuwa da wanda ya ƙi mutum duk ƙi ne, kuma Balaraba ƙarama ce, ba za ta iya raba su ba. Za ta girma tana ganin uwarta ta ƙi kakarta.

Gaskiya uwar ɗakina ba ta hana ni ba. Cewa ta yi in na tafi za ta ɗauki wata. Na tuna ruwa ya ƙi sauka, rumbunku wayam, sai na ce bari in ƙara wata guda. Inna ba ta jira ni ba.

Don Allah in yarinyar ta tambaya, ka ce mata na makara. Kai kuwa da ka kai Inna makwancinta, ka kira abin da na yi yadda ka ga dama, ba zan musa ba.

Ƙanwarka,
Wasila