Ka Bar Auta Ta Zana Akwatinta

Baban Auta,

Na fita taron malamai kana barci. Jiya a aji na ba su lissafi: tela yana da yadi goma sha biyu, ya yanke kashi ɗaya cikin uku, nawa ya rage? Na ce kowa ya zana dogon akwati, ya raba shi gida uku, ya soke ɗaya, ya ga amsar da idonsa. Auta ta rubuta takwas kawai, ta ce: "Babana ya ce zane ɓata lokaci ne." Yara suka zuba min ido, suna jiran su ga yadda zan yi da 'yata. Na rage mata maki kamar kowa. Da na ƙyale ta, da yanzu iyaye sun cika ofishin shugaba.

Don Allah in ta tashi, ka zauna da ita ta zana. Kada ka faɗa mata amsa, ko da bakinka na ƙaiƙayi.

Tun jiya ba ta kula ni ba. Da na miƙa mata abinci, cewa ta yi: "Na gode, Malama."