Masu Cewa Bari a Hantar Tela

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya bar ku da lafiyarku. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa ta sa wa mutane ido. Babban ɗana ya samu aiki a gareji, kullum baƙi ƙirin yake dawowa. Saura yayanka Tela, wanda saboda shi na ɗauki biro, don na san in waya ce sai ka ce ba ka ji na sosai.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da ka ga tumbinsa yana taɓa keken ɗinki, ka shafa ka ce hutu ne? Wasu rogo suke yi wa kallon kitse, mu ciwo muka yi wa kallon hutu. Kitse ne ya taru a hantarsa, shi da ko warin giya bai sani ba. Yanzu idanunsa sun yi ɗorawa, ƙafafu sun kumbura, ba sa iya taka keke. An rufe shago, yadin mutane na nan jibge a kan tebur da zanen alli a jiki.

Likitar da ke duba shi ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce a jikin mutum akwai ƙwayoyin halitta masu yaƙi da cuta, kamar sojoji, akwai kuma wasu 'yan kaɗan da aikinsu kawai su ce wa sojojin nan bari, ya isa. Idan kitse ya yi wa hanta yawa, masu cewa barin sukan ragu ko su gaji, sai sojojin su yi ta dukan hantar da suka zo karewa, har ta yi tabo ta ƙandare. Ta ce masana ba su gama gane kan abin ba, amma na Tela ya wuce inda magani ke mayarwa. Tela ya yi dariya, ya ce nasa masu cewa barin a kanmu suka ƙare, ni da kai. Bai yi ƙarya ba. Tun muna yara shi ke shiga tsakani, shi ke shan marin da na nufo ka da shi.

Sai likitar ta tambayi abin da yake sha. Matarsa ta zazzage jaka, sai ga robobin maganin nan da kake aikowa, masu hoton ganye, na ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Da ka ji ba shi da lafiya, daga can ka yanke cewa ƙarfi ne ya gaza, tunda kai ka fi kowa sani. Likita ta juya roba ta karanta, ta ce ba sojoji ya rasa ba, kuma irin wannan haɗin yakan wahalar da hanta mai lafiya ma, balle tasa. Safe da yamma yake sha, Auta, ba fashi, yana nuna wa masu kawo ɗinki, wai ƙanensa bai manta da shi ba. Ban ce kai ka sa masa ciwo ba. Ya dai faɗi ne ka zo ka bi ta kansa, kana jiran a yi maka godiya.

Abin da ya rage shi ne a yanki wani ɓangare na hantar ɗan'uwa a dasa masa, ta ce ta mai bayarwa tana sake tofowa. Na je an gwada ni, aka ce tawa ma ta fara tara kitse, ba za ta yi ba. 'Ya'yansa ƙanana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, kai kaɗai ka rage. Ka zo a gwada ka, kuma kada ka sake aiko da komai, zumunci a ƙafa yake.

Tela ya riƙe hannuna ya roƙe ni kada in gaya maka zancen robobin, wai za ka kasa barci, kada kuma in nemi hantarka, wai kana da yara. Na ce to. In da can ne, da ya ƙwace biron nan ya yage takardar. Yanzu ko kofin ruwa sai an riƙe masa, sai ka ji ni yadda nake. Ina jin haushinka, kuma so nake ka kasa barcin.

Ka gai da matarka, ka karanta mata wannan da bakinka kafin ta fara nemo maka uzuri. Ka gai da takwarar Inna da ƙaramin da ba mu taɓa gani ba. Gwaggo tana gaishe ka. Tela ma yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko awon wuyanka yana nan yadda yake, yana so ya ɗinka maka riga in ya tashi. Tashin nan yana hannun Allah, yana kuma cikinka. Ka zo ka ba shi amsa da kanka, ni ba zan kai masa ba.

Ni ce yayarka, wadda ta goya ka.