Wa Ya Goge Mini Takalmin Soja?

Baba,

Na wuce bariki, zan kare wani kofur a kotun soja, daga can in zarce ofishin lauyoyinmu.

Jiya da na ce oga Pillay ya ba ni zaɓi, ko ƙarin girma a ofis ko kakin sojan wucin gadi da nake sawa jefi-jefi, cewa ka yi soja ba aikin mutumin kirki ba ne. To yau ga takalmana a bakin ƙofa suna ƙyalli, har igiyar an zura ta irin ta bariki sak. Mu biyu ne a gidan nan. A ina ka koya?

Maganinka yana kan firij. Don Allah ka jira ni da yamma. Pillay ba zai ji amsata ba sai na ji taka.

Nokwanda