Ku Biyu Za A Yi Wa Allura

Yaya Yalwa,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ƙafarta, ya mutanen Danwarai? Barka da sauka lafiya, Allah ya raya Amatullah.

Ni lafiya lau nake a Alƙahira. Zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni, amma kada Inna ta ji.

Kin tuna yadda aka yi ta ɗura miki jiƙe-jiƙe ke kaɗai, wai a masai kika ɗauko ciwon sanyi? Jiya a jarrabawa na tsaya gaban malamanmu na likitanci na yi bayaninsa. Ƙwayar cutar wajen kwanciyar aure take shiga, ta maƙale a bakin mahaifa, sau da yawa mace ba ta jin komai. Daga nan sai ta hau bututun da ƙwai ke bi, ta kumbura shi, tabo ya toshe hanya. Na ci jarrabawar, Yaya.

Mijinki Lauwali ya daina amsa gaisuwata tun da na dage ku biyu za a yi wa allura. Da an ƙara jinkiri, da hanyar ta toshe. Ki ɗora masa 'yarsa a cinya, sannan ki ce ina gaishe shi. Yanzu kam zai amsa.

Ƙanwarki,
Umaima